Masu shiru ma a ba su maɓalli ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda manhajarka ta shirya haɗuwa, wadda za ka kai gasar ɗalibai, za ta jawo masu karantawa su yi gum. Kada ka bar musu aikin kawo shawara. Manhajar ta fito da rana da wuri, su danna "zan zo" ko "ba zan zo ba". Hanyar shiga ta bi ta WhatsApp, ba sai an yi rajista ba.

A fadarmu nan Maradi, in aka rubuta "yaushe za mu haɗu?", sai shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ranar da na rubuta "Asabar bayan la'asar, wajen shayi", har mai ƙorafin kuɗin intanet ya amsa. Amma fa kada manhajar ta ƙirga shiru a matsayin e, za ka sayi sukari ya yi kwantai.