Gwanda tana fure amma ba ta 'ya'ya

Malam, ka ce gwandarka ta tsakar gida a Gwale tana ta fure, ba ɗa ko ɗaya. Duba furen tukuna. In ƙanana ne birjik, suna reto a dogon reshe, namiji ne, da wuya ya haihu. Furen mace babba ne, manne da jikin bishiya, gindinsa a kumbure. Kumburin nan ne zai zama gwanda, amma galibi sai ƙwarin dare masu dogon baki sun kawo masa garin furen namiji. Ƙamshin furen ke jawo su bayan magariba.

Don haka kada a sare maza duka, ɗaya ya ishi mata goma. A guji feshin magani da yamma, kada a kashe ƙwarin nan. In kuwa mace ce furenta ke zubewa, ka tuntuɓi malaman gona na KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano.