Tambaya da Amsa: Cinikin Katakon Layin Dogo Tsakanin Ƙasashe

Wasiƙun wannan fitowar duk sun taru ne a kan katakon nan da ake jerawa a ƙarƙashin ƙarfen dogo domin ya riƙe shi, ya kuma sauke nauyin jirgi a kan tsakuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfanoni uku na ƙasashen waje sun turo mini farashin katakon layin dogo. Na farko ya kusa ninka na uku, alhali kowa ya ce nasa mai ƙarfi ne. Wane ne yake neman ya cuce ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wataƙila babu ko ɗaya, sai dai ba kaya iri ɗaya suke tallata maka ba. Fara da awo. Wanda aka saba da shi a yawancin Turai tsawonsa mita 2.6 ne, faɗi santimita 26, kauri 16, wato kubik mita 0.108. Na Ingila tsawon ɗaya ne amma faɗinsa 25, kaurinsa 12 da rabi, kubik mita 0.081 ke nan. Na Turai ya fi na Ingila itace da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma duk sunansu guda ɗaya a takarda. Don haka ka mayar da kowane farashi zuwa na kubik mita kafin ka gwada su. Kowace dala 100 da ta hau kan kubik, dala 10.8 ce ta hau kan katako ɗaya mai awon Turai.

Sai irin itacen. Itacen fayin (pine a Turance) ya fi araha, amma yana da taushi, ƙarfe na nutsewa cikinsa a layin da ke ɗaukar kaya masu nauyi. Itatuwan ok (oak) da bic (beech) su ne na Turai. Azobe, wanda wasu ke kira ekki, daga dazuzzukan Kamaru da Gabon yake fitowa, kuma don tsabar nauyi nutsewa yake yi a ruwa. Gara da ruɓa ba sa samun sa da sauƙi, shi ya sa ake shimfiɗa shi ko ba a sa masa maganin hana ruɓa ba. Wanda ya rubuta maka "katako mai ƙarfi" kawai bai gaya maka komai ba. Ka sa a rubuta sunan itacen na kimiyya a cikin yarjejeniya. Na azobe shi ne Lophira alata.

Na uku, duba haruffan da ke gefen kuɗin. FOB na nufin mai kaya ya sauke nauyinsa da zarar an loda a jirgi a tasharsu. CIF ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tasharku, amma a nan mutane da yawa ke ruɗewa: ko a CIF ɗin, hatsarin kaya yana dawowa wuyanka ne tun ranar lodi, kuma harajin kwastam da kuɗin sauke kaya da tarar jinkirin kwantena duk naka ne. Idan bayan wannan lissafi har yanzu ɗaya ya faɗo ƙasa sosai, to ka yi zargin ɗanyen katako ne ko wanda aka shafa wa magani a fuska kawai. Araha ba ta ado.

Tambaya: Kwantena ɗaya guda nawa take ci, kuma kilomita ɗaya na bukatar nawa?

Amsa: Idan ana barin santimita 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, kilomita na cin guda 1,667, kusan kubik mita 180 a awon Turai. Ita kuwa kwantena nauyi ke cika ta, ba wuri ba. Azobe ɗaya mai wannan awo na kai kilo 115, saboda haka wajen tan 25 da kwantena ke ɗauka bai wuce guda 217 ba, ka ga kilomita ɗaya kwantena takwas ke nan. Kada ka ce za ka ɗauki mai ƙafa 40 don ka ninka. Nauyin da aka yarda ta ɗauka kusan ɗaya ne da na mai ƙafa 20. Itacen ok bai kai azobe nauyi ba, amma idan ɗanye aka loda maka, ruwa kake biya wa kuɗin jirgi.

Tambaya: Malam, mun karɓi katako baƙi wuluk da magani, amma shekara biyu ba ta cika ba ya fara tsagewa, ƙusoshi na kwancewa, cikinsa ya yi laushi. Ina matsalar take?

Amsa: Baƙin waje ba ya nuna komai. Maganin da aka fi amfani da shi, kiriyosot, mai ne da ake tacewa daga kwaltar kwal, kuma tun 1838 da John Bethell ya yi rajistar dabararsa a Ingila, hanyar ita ce a rufe katako cikin babban tanki a tura man da ƙarfin matsi. Man ba ya shiga inda ruwa ya riga ya cika. Dole a fara jera katakon a sarari, da tazara tsakani, iska ta bi ta ciki har ya bushe. Itacen ok kan ɗauki wajen shekara kafin ya bushe. Mai gaggawar cika oda sai ya tsallake wannan, man ya tsaya a fata. Daga baya katakon ya bushe a kan layi, ya tsage, tsagar ta buɗe farin ciki wanda magani bai taɓa ba, ruwa ya kwanta a ciki, ruɓa ta kama.

Kuskure na biyu shi ne huda ramin ƙusa bayan an gama magani. Ramin ya ratsa ta fatar da ke kāre itacen ke nan, kuma daidai wurin da ƙarfe ke zama, inda aikin yake. Ƙa'ida ita ce a fere mazaunin ƙarfe, a huda, sannan a sa a tanki. Idan tilas ta sa aka huda a wurin aiki, a ɗura magani a ramin kafin a ɗaura.

Kowane itace da halinsa. Bic na shan mai sosai, kuma idan ya sha yakan yi shekaru talatin ko fiye, amma ba magani shekara uku ma da ƙyar. Jar zuciyar da ke tsakiyar wasu gungumensa kuwa ba ta karɓar mai sam. Zuciyar ok ma ba ta sha, sai dai ita Allah ya yi ta da juriya.

Nan gaba ku tura mai duba kaya kafin lodi, ba bayan sauka ba. Ya zaɓi katakai da kansa daga tsakiyar tari, ya sa na'urar auna laima, ya huda ya zaro ɗan siririn itace ya ga zurfin da mai ya kai, ko ma ya sa a yanka ɗaya gida biyu. Ya duba ko an buga farantin ƙarfe mai haƙora a bakin kowane katako don hana tsagewa, ya ƙi mai ƙulli ko ɓawo a mazaunin ƙarfe, da wanda ya murɗe. A Turai ma'aunin EN 13145 ne ya tsara waɗannan abubuwa. Ku ambace shi a yarjejeniya, ku kuma ɗaure biyan kuɗi da takardar mai duba kayan.

Tambaya: Waɗanne takardu ake nema, kuma me ke sa farashin hawa da sauka?

Amsa: A jadawalin kwastam na duniya lambar katakon layin dogo 4406 ce, an kuma raba marar magani da mai magani, da dangin fayin da sauran itatuwa. Marar magani galibi sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, saboda ƙwari. Sannan akwai shaidar cewa ba sarar sata ba ce: Amurka ta faɗaɗa dokar Lacey zuwa katako a 2008, Tarayyar Turai ta fara aiki da tata a 2013. Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume tun 2010, don haka azobenta a yanke yake fitowa.

Farashi kuwa ba shi da wata kasuwar hada-hada da ke yanke shi kamar zinariya. Manyan kamfanonin jiragen ƙasa ne ke saye ta hanyar kwangila, sauran su bi. A Amurka, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na layuka ke kan katako, masu yin daɓen gida da masu katakon ɗora kaya suna rububin gungume ɗaya da masu layin dogo. Ruwan sama ya yi yawa, motoci ba sa shiga daji, kaya su yi ƙaranci bayan watanni. Shi ma kiriyosot yana bin harkar masana'antun ƙarfe, tunda daga gasa kwal ɗinsu kwaltar ke fitowa. Dogayen katakai na mahaɗar layi da na gada kuma kubik ɗinsu ya fi tsada, don miƙaƙƙen gungume mai wannan tsawo wuyar samu gare shi.

Tambaya: Ana tallata tsofaffin da aka cire daga layi da araha. In saya in yi shingen lambu da benci?

Amsa: Hajiya, ba mu ba ki shawara ba, in dai mai kiriyosot ne. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Tarayyar Turai ta hana sayar da maganin ga jama'a tun 2003, kuma daga Afrilun 2023 katakon da aka yi wa shi sai layin dogo da turakun waya da na lantarki kawai. Da zafi ya yi za ki ga man na tsattsafowa yana ɓata tufa, yana ƙona fata. Kada ya kusanci kayan lambun da za a ci, ko rijiya, ko wurin wasan yara, kuma ko kusa kada a hura wuta da shi. Idan siffar ce ta burge ki, nemi sabon ok ko azobe marar magani. Za ki gane shi da rashin warin kwalta, kuma idan aka kankare gefe da wuƙa launin itace ne zai fito.