Ƙanina a Brazil ya koma waƙar baƙin ciki da kwalba

Tambaya: Likita, ƙanina yana karatu a birnin Recife na Brazil. Tun da aka aurar da yarinyar da yake nema a gida, kusan kullum da dare sai ya turo mini wata waƙar Reginaldo Rossi daga mashayar unguwarsu. Abokansa sun ce in ƙyale shi, wai in ya sha na kwana biyu zai manta. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Baiwar Allah, da gaskiyarki. Na san waƙar, "Garçom" ce ta 1987: mutum zaune a teburin mashaya yana shaida wa mai kawo abin sha cewa yau ake ɗaura wa masoyiyarsa aure. Rossi ɗan Recife ne, shi ya sa ko'ina ƙaninki ya juya ita zai ji. Waƙar ba ta dame ni ba, wanda aka yi wa rashi yana da haƙƙin kuka.

Maganar abokan nan ce ta ɓata mini rai, domin babu makon da ba na jin ta. Barasa ba ta wanke baƙin ciki! Cachaça ɗin da ake sha a can, ta rake, ƙarfinta kashi 38 zuwa 48 cikin ɗari ne. Awa biyun farko mutum ya ji sakayau, ya yi barci kamar gawa, sai ƙarfe uku na dare ya farka sharkaf da gumi, gaba na dukan uku-uku, abin da ya guje wa na nan zaune a bakin gado. Gobe kofi biyu ba zai ishe shi ba, sai huɗu. Mafi muni, tana kwance wa mutum linzami. Wanda da hankalinsa ba zai taɓa cutar da kansa ba, a buge yakan aikata cikin minti ɗaya. Masu cewa "zai manta" ba su ake kira asibiti da tsakar dare ba, mu ake kira.

Ki neme shi da safe, lokacin da ya wartsake. Kada ki fara da cewa haramun ce, ya sani, kuma kunyar hakan na cikin abin da ke cinsa. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin. A Brazil akwai layin CVV na sauraron masu damuwa da tunanin kashe kai, lamba 188, kyauta dare da rana, da cibiyoyin CAPS AD masu kula da matsalar barasa da ƙwaya, na SUS, tsarin lafiyar gwamnatin ƙasar, waɗanda baƙo ma ba ya biyan ko sisi. In hannunsa na rawa da safe, kada ya yanke shan farat ɗaya shi kaɗai, yana iya jawo jijjiga, likita ya kamata ya sauke shi. Ƙwayar barci kuwa, kada ta haɗu da barasa ko da guda ɗaya ce.