Amsar tambayar zuwa Japan kallon furanni da wankan ruwan zafi ba tare da ajiye aiki ba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryarka, inda ka ce kana son ka yi sati biyu a Japan lokacin furen sakura, wato furen itacen ceri, ka shiga ruwan zafinsu da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma ba za ka ɗauki hutu a ofis ba, za ka riƙa aiki ta kwamfuta. Yana yiwuwa, amma agogo za ka fara dubawa kafin tikiti.

Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8, mutanenmu na Ghana kuma awa 9. Wato ƙarfe 9 na safe a Abuja, ƙarfe 5 na yamma ne a can. In ofishinku na tashi ƙarfe 5, kai ƙarfe 1 na dare za ka rufe kwamfuta, ga asuba a watan Afrilu wajen ƙarfe 4. To ka ga, safiya da rana naka ne, dare na ofis ne. Wannan ma alheri ne ta wani ɓangaren, domin da hantsi wuraren furen ba su cika ba tukuna. Amma ka roƙi ogan ka a tattara maka mitin tsakanin 9 da 1 na rana agogon gida, ka gama magana da mutane kafin 9 na dare a can, sauran aikin shiru ka ƙarasa shi washegari. In ba haka ba, kwana huɗu barci zai kayar da kai.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne masauki. Masaukinsu na gargajiya, ryokan, ba don aiki aka gina shi ba. Kuɗinsa bisa kan mutum ne, ba bisa ɗaki ba, yawanci haɗe da abincin dare da na safe, kuma abincin daren a ƙayyade yake, ƙarfe 6 ko 7, daidai lokacin da ofishinku ya ɗau zafi. Ɗakin tabarma ne, tebur gajere iya gwiwa, babu kujera. Awa uku a tanƙwashe bayanka zai gaya maka. Bangon ma siriri ne, ka ɗaga murya a mitin ƙarfe 11 na dare maƙwabci na jin ka. Sannan ƙarfe 10 na safe an sallame ka. Saboda haka Litinin zuwa Juma'a ka kama otal na yau da kullum mai tebur da kujera a garin da ke da ruwan zafi, kamar Beppu a tsibirin Kyushu, ka ajiye ryokan sai Asabar da Lahadi. Kafin ka biya, ka rubuta musu ka tambaya ko intanet yana kaiwa cikin ɗaki, don a tsofaffin gine-gine wani lokaci a falon karɓar baƙi kawai yake da ƙarfi. Ka sayi eSIM ɗin data, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba, na ko-ta-kwana.

Furen kansa ba ya jira. Daga buɗewa zuwa cika kamar sati ɗaya, bayan nan sati ɗaya ya fara zuba, in aka yi ruwa da iska ma ba ya kaiwa. Daga kudu yake tasowa: Kyushu da Tokyo ƙarshen Maris, Kyoto farkon Afrilu, Hirosaki a arewa ƙarshen Afrilu, Hokkaido har farkon Mayu. Gari mai tudu kamar Hakone yana ɗan makara bayan Tokyo. In ka fi son wanda ke daɗewa, akwai na Kawazu a yankin Izu, tun Fabrairu zuwa farkon Maris, kuma garin na da ruwan zafi. Ka kama masaukin da ake iya sokewa, ka riƙa bin hasashen buɗewar furen. Kuma ka guji 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, hutunsu ne na ƙasa, ɗaki da jirgin ƙasa duk cike suke.

Lokacin furen shi ne bazararsu, amma kada kalmar ta ruɗe ka, ba irin tamu ba ce. Da dare sanyi ne sosai, ka tafi da rigar sanyi. Lokacin ne kuma ƙurar furen itacen sugi ke tashi, mai atishawa ko asma ya riƙe maganinsa da takunkumi.

Sai ruwan, wanda suke kira onsen. Wanda ya san Wikki ta Yankari, ita digiri 31 ce, ɗumi ne kawai. Wannan 40 zuwa 42 ne. Ka wanke jikinka tas da sabulu a wurin zaman wanka kafin ka shiga, tawul ba ya taɓa ruwan. Minti 10 ya isa karo ɗaya, ka fito a hankali, domin zafin yana buɗe jijiyoyi, jini ya sauka, ka miƙe da sauri jiri ya ɗebe ka. Ka sha ruwa kafin da bayan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Kuma kada ka shiga dab da fara aiki, jiki mutuwa yake yi. Da safe ko bayan ka rufe kwamfuta ya fi. Inda ruwan ke warin ƙibiritu, cire zoben azurfa, baƙi zai yi, kuma tururin yana cin ƙarfen cikin waya da kwamfuta.

Ga abin da ya fi damun mu: wankan jama'a tsirara ake yi, maza daban mata daban, amma dai al'aura a buɗe. Mafita ita ce kashikiri, ɗakin wanka da kake kamawa kai kaɗai ko da iyalinka na kamar minti 45, ko ɗaki mai nasa kwarmin wanka. Abinci kuma, ban da naman alade, suna zuba giyar shinkafa da mirin, wata giyar girki mai zaƙi, a miya. Ka sanar da su tun wajen kama ɗaki, ko ka ce sudomari, wato ɗaki kawai ba tare da abincinsu ba. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, kada ka kalli gabas bisa sabo.

Wutarsu bolt 100 ce, soket mai baki biyu falle-falle. Cajar kwamfuta in an rubuta 100 zuwa 240 a jikinta za ta yi, adafta kawai za ka saya.

Maganar biza kuwa kada ka yi wasa da ita. A 2024 Japan ta fito da bizar masu aiki daga nesa, ta wata 6, ga mai samun yen miliyan 10 a shekara, amma fasfon Najeriya da na Nijar ba sa cikin jerin. Bizar ɗan gajeren zama kuma ba ta aikin kuɗi ba ce. Don haka ka rubuta wa ofishin jakadancinsu a Abuja, ka faɗi gaskiyar abin da za ka yi, ka karɓi amsa a rubuce, ka kuma sami izinin ofishinku a rubuce kafin ka biya kuɗin jirgi.