Amsa ga ƙanena na Jega a kan gidan Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da sauran dangi na Jega, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na jinkirta amsawa ne domin tambayarka ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka tambayi dalilin da ya sa har yau ba a sayar da gidan kakanmu na zangon Kumasi an ba kowane magaji rabonsa ba, sannan ka ce da ka ji muryar jikokina a waya sai da ka yi shakkar ko Hausawa ne, tunda ka ji suna ce wa mace "ya zo". Ban ji haushi ba ko kaɗan, don kuwa da ni aka haifa a Jega, da abin da zan tambaya ke nan.

Kakanmu bai bar Kabi da niyyar zama ba. Fatauci ya fito da shi, kamar yadda ya fito da mahaifinsa, wanda ya riski zamanin da ayari kan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu da Sansanin Mango da Yendi har Salaga ta ƙasar Gwanja, ya juyo da goro. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya watsa kasuwar, fatake da malamai suka bazu zuwa wasu garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, babban malamin nan da ya zauna a Kete Krachi har ya rasu a 1934, wanda a rubuce-rubucensa yake jingina asalinsa ga Kabi. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo, ga shi kuwa jaki ba ya tsere da jirgi. Da hanyar ayari ta mutu, sai kaka ya nemi wuri a zango ya zama mai masaukin baƙi, yana sayen goro a hannun Tonawa, wato mutanen Asante, yana ɗaure shi a huhu.

A nan ya auri Badagomba, wadda ta haifi mahaifina, bayan shekaru kuma ya aika gida aka kawo masa mata daga Jega, wadda ta haifi Baffa, mahaifinka. Bai san cewa waɗannan aure biyu ne za su raba 'ya'yansa tsakanin ƙasashe biyu ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Gana. Su biyun duk a Kumasi aka yanke cibiyarsu, amma mahaifina yana da dangin uwa a Yendi da suka tsaya masa, ya kwashe mu muka zauna can har ƙura ta lafa, shi kuwa Baffa ba shi da kowa sai uwarsa, ita ma baƙuwa ce. Ina ɗan shekara bakwai a lokacin, kuma har yau ina ganin safiyar da babbar mota ta tsaya a bakin lungunmu, aka ɗora tabarmi da kwanuka, Baffa ya rataya gafakar kaka mai Alƙur'ani rubutun hannu, ya ciro mabuɗin ɗakinsa ya damƙa wa mahaifina, ya ce a riƙe masa sai ya dawo. Mahaifina ya ɗaure mabuɗin nan a bakin carbinsa, kuma bai yarda an buɗe ɗakin ba har Allah ya karɓi ransa.

To, a kan rabon gida, gaskiyarka ce cewa shari'a ta yanka wa kowa haƙƙinsa, kuma mu mutanen zango mun riƙe rabon gado na Musulunci da hannu bibbiyu a tsakiyar Tonawa, waɗanda a al'adarsu ta dangin uwa ake bin gado. Sai dai ƙasar da aka yi ginin a kanta tana ƙarƙashin kujerar sarautar Asante, izinin zama aka ba kakanninmu, ba irin gonar gado ta Jega ba ce. Bayan haka, magidanta tara ne ke kwana a gidan yanzu, kuma in an sayar an raba, abin da kowa zai samu ba zai gina masa ɗaki ɗaya a Kumasi ba. Shi ya sa a zango aka saba raba ɗakuna a bar gida a tsaye. Akwai kuma dalilin da sai wanda ya zauna a baƙunta yake jin nauyinsa. Ranar da na raka ɗana wani ofishi neman katin ɗan ƙasa, da aka ji sunansa aka tambaye shi garinsu na asali, ya ce Kumasi, sai aka ce ba a yarda ba. Tsofaffin rasit na harajin gidan nan masu sunan kaka, waɗanda mahaifina ya adana a cikin gwangwani, suna cikin abin da ya taimake mu. Haƙƙinku kuwa yana nan. Tun da riƙon gidan ya dawo hannuna na sa haya a ɗakin Baffa, ina rubuta kuɗin a littafi, kuma in kun fi son a kimanta rabonku a biya ku, za mu zauna da limami da dattawa a yi hakan ba tare da ɓacin rai ba.

Game da harshe, Hausa ce ke haɗa Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bayarabe a zango, a masallaci da kasuwa da gidan biki, kuma harshen da baki da yawa suka ɗauka dole ya sauya, shi ya sa bambancin "ya" da "ta" ya ɓace a bakin yawancin yaranmu. Amma ba zan ɗora wa zango laifin duka ba. Mahaifina ya hana ni boko domin a zamaninsa yawancin makarantun na mishan ne, yana tsoron in bar salla, kuma ban taɓa ganin baƙinsa ba, ko da yake na girma sai an karanta mini takardar da ta shafi kaina. Wannan raɗaɗin ne ya sa na kai 'ya'yana duka boko, maza da mata, tare da makarantar allo da yamma. Yau babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce, ita ke sayen maganina, amma 'ya'yanta sun fi sakin baki da Turanci da harshen Tonawa, kuma rannan da na ce wa babbansu kowa ya bar gida gida ya bar shi, sai ya tambaye ni wane gida aka bari. Na daɗe a zaune ban ba shi amsa ba.

Saboda haka ina da roƙo a wurinka. In ka samu Inna da ƙarfin jiki, ka ɗauki muryarta a waya tana lissafa sunayen kakanninmu da unguwar da suka fito, da tatsuniya ko biyu, ka turo mini in riƙa kunna wa yaran nan bayan magariba. Ka kuma ɗauki hoton shafin ƙarshe na Alƙur'anin kaka, domin mahaifina ya ce akwai sunan marubucin a wurin. Bayan babbar salla, in Allah ya yarda, ƙaramin ɗana zai zo Jega ya yi wata uku a hannunka, zai kuma zo maka da littafin hayar da mabuɗin Baffa. Ka gaishe mini da Inna da kyau.