Me ya sa ake ɗaga wa gyaɗa fartanya idan ta yi fure?

Ɗana, ka ce ciyawa ta taso a gonar gyaɗa, ga ta ta yi fure, kana tambaya ko a shiga da fartanya. Kada a shiga. Tsuguna gindin guda ɗaya ka ga dalili.

Gyaɗa ba ta tsawo, da wuya ta wuce gwiwa. Kowane ganye nata falle huɗu ne, da dare sai su rufe. Wajen kwana 30 da shuka take fara fure, ɗan ƙarami ruwan ɗorawa, a hammatar ganye can kusa da ƙasa. Da sassafe yake buɗewa, kafin yamma ya yi yaushi, kuma shi yake yi wa kansa barbara.

Bayan kamar mako guda, daga inda furen ya faɗi wani tsinke mai kama da allura zai fito, ya sunkuya, ya huda ƙasa kamar santimita 5. Bakin tsinken nan ne ke kumbura ya zama kwanso. Duk wanda fartanya ta tsinke, gyaɗa guda ce ka rasa, kuma ba za ka sani ba sai ranar tono. Shi ya sa ake gama noman fari da maimai kafin tsinkayen su sauka. Ciyawar da ta fito bayan haka, da hannu ake cire ta, a hankali.

Wasu suna tura wa gindin ƙasa wai don ta ƙara 'ya'ya. Ni ban yarda da shi ba: reshen da aka binne ruɓa yake yi.

Kwanson da kansa yake tsotsar sinadarin kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi. Idan ƙasar ta bushe a lokacin, ko sinadarin ya yi ƙaranci, sai ka tono bawo ba ƙwaya. Don haka takin sufa, mai ɗauke da kalsiyam, ake sa mata tun wajen shuka. Yuriya kuwa ba ta dame ta ba, ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta suna sama mata abincin da yuriya ke bayarwa, wato sinadarin naitirojin.

Iri mai saurin nuna, kamar SAMNUT 24 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, wajen kwana 90 yake yi. Kafin tono, tuge gindi biyu ko uku ka ɓare. In cikin bawon ya yi duhu-duhu, ta ƙosa.