Kafin ki sayi sabuwar kwamfuta saboda matsalar waifai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar sakandare ce, ina zaune a Tumfure da ke Gombe. Ina da laftof ta gwanjo wadda nake shirya darasi da ita, kuma a gida muna amfani da MiFi, wato 'yar ƙaramar na'urar da ke raba intanet ta waifai. Tun bayan da aka sauya wa laftof ɗin gilashi watanni biyu da suka wuce, intanet yake yawan yankewa, wani lokaci ma ba ta ganin sunan MiFi ɗin, alhali wayar maigidana tana aiki lafiya. Mai gyara ya ce in sayi wata kwamfutar, ƙanena kuma ya ce in sayi babbar rauta, wato na'urar raba waifai da ta fi MiFi girma. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce kada ki sayi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin tsakaninki da intanet akwai abubuwa uku, wato kwamfutar da MiFi da kuma sabis ɗin kamfanin layi, kuma har yanzu babu wanda ya tabbatar miki da wanda ke da laifi a cikinsu. Kasancewar wayar maigidanki tana aiki ya ɗan wanke kamfanin layi, amma ki ƙara da gwaji guda biyu waɗanda ba za su ci ko sisi ba. Ki ajiye kwamfutar dab da MiFi ɗin, ki yi aiki na rabin awa. Bayan haka ki kashe shi, ki kunna hosfot na wayarki, ki haɗa kwamfutar da shi, sannan ki ɗauki wayar ki kai ta ɗaki na gaba. Idan intanet yana tsayawa daram a kusa, amma yana ɓacewa da zarar an yi 'yar tazara, ko da MiFi ne ko da waya, to matsalar tana jikin kwamfutar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne maganar gilashi. Mutane da yawa ba su san cewa eriyar waifai ta mafi yawan laftof tana cikin murfinta ba ne, a saman gilashin, kuma wasu siraran wayoyi, galibi guda biyu, fari da baƙi, suna bi ta cikin mahaɗin murfin su sauko zuwa wani ƙaramin kati da ke ciki, wato katin waifai. Idan aka buɗe murfin domin sauya gilashi, abu ne mai sauƙi a danne ɗaya daga cikin wayoyin har ta tsinke, ko a manta a mayar da kanta a kan katin. Alamar hakan kuwa ita ce daidai abin da kika bayyana: kwamfuta tana ganin waifai idan tana kusa, idan an matsa sai ta makance. Ba ina zargin mai gyaran da mugun nufi ba ne, domin kuskure ne da ƙwararru ma kan yi, sai dai ya kamata a duba wannan kafin a ambaci sayen wata kwamfuta. Ki mayar masa da ita, ki nemi ya buɗe a gabanki ya nuna miki cewa wayoyin eriya suna manne a wurinsu.

Idan an duba an ga eriya lafiya, sai a koma kan Windows. Akwai wani tsari da ke ba kwamfuta damar kashe katin waifai domin tattalin batir, kuma a gari irin namu inda ake yawan aiki babu wutar NEPA, wannan tsarin yakan haddasa yankewa. Ki shiga wurin da aka rubuta Device Manager, ki nemo katin waifai, ki cire alamar da ke ba da izinin kashe shi, idan akwai ta. Haka kuma ki goge sunan MiFi ɗin daga waɗanda kwamfutar ta adana, ki sake shigar da kalmar sirri. Idan duk wannan bai yi ba, Windows 10 da 11 suna da Network reset a cikin saitinsu, wanda ke mayar da komai na haɗin intanet kamar sabo. Kada ki raina maɓallin da ke ɗauke da hoton jirgin sama a jerin saman madannai, domin hannun yaro yakan taɓa shi ya rufe waifai baki ɗaya, a yi ta neman gyara kamar kazar da ta kwana a kan dami.

Game da sayayya, idan katin ne ya lalace, ana iya sauya shi kaɗai a yawancin tsofaffin laftof. Hanya mafi sauƙi ma ita ce ƙaramar na'urar waifai da ake sokawa a ramin USB, wadda kamfanoni irin su TP-Link ke yi, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na kwamfuta ba. Ki tafi da laftof ɗin shagon a gwada a gabanki kafin ki biya. Ki zaɓi wadda ke kama zango biyu, 2.4 da 5 GHz: na farkon ya fi ratsa bango da tafiya nesa, na biyun ya fi sauri amma bangon bulo yana raunana shi da wuri.

Rautar da ƙanenki ya ba da shawara tana da amfani idan gidan babba ne ko masu hawa sun yi yawa, domin ƙananan MiFi suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, sau da yawa kimanin 10. Amma ba za ta gyara tsinkakkiyar eriya ba. Kafin nan ki sauya kalmar sirrin MiFi ɗin idan ta yaɗu a maƙwabta, ki ɗora shi a wuri mai tudu kusa da taga, kuma kada ki bar shi a caji dare da rana a zafin Maris da Afrilu, domin batirinsa yakan kumbura.

Dalili guda da zai sa in goyi bayan sauya kwamfutar bai shafi waifai ba. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka idan taki ba ta iya ɗaukar Windows 11, ki fara tanadi a hankali, kuma ranar da za ki saya ki gwada waifai ɗinta daga bakin ƙofar shagon, ba a kan teburin mai sayarwa kaɗai ba.